Me Ya Sa Wani Kifi Ya Fi Wani Tsada?

Da yawa daga cikinmu an taɓa aiken mu kasuwa sayen kifin miya. Mun tsaya gaban mai kifi, mun ga kashi biyu a kan tire ɗaya. Kashin farko babban kifi ne guda, na biyu kuwa ƙanana ne wajen goma. In da za a ɗora su a sikeli, nauyinsu zai zo kusan ɗaya, amma kuɗin babban ya fi na ƙananan nesa. Wani lokaci ma kifi biyu ne iri ɗaya, girma ɗaya, sai mai kifi ya tsaya kai da fata a kan kuɗin wannan, wancan kuwa ya yi mana ragi tun ba mu taya ba. Mukan koma gida muna cewa wayon 'yan kasuwa ne kawai.

Akwai dalilai a bayan wannan bambanci, kuma sun cancanci mu san su, gama wasunmu 'ya'yan masunta ne, wasu iyayenmu da cinikin kifi suke biyan kuɗin makaranta, dukanmu kuwa muna cin kifi. Abubuwa biyu ne suka fi yanke farashi: girman kifi, da halin da yake ciki sa'ad da ya iso hannun mai saye.

Hanyar da kifi yake bi

Kifin da ake ci a arewacin Nijeriya yana fitowa daga Tafkin Cadi, da Tafkin Kainji, da kogin Kwara da Binuwai, da fadamun Haɗeja da Nguru, da madatsun ruwa da yawa. Tafkin Kainji ya samu ne a 1968 sa'ad da aka gama gina madatsar, kuma Yawuri tana cikin manyan kasuwannin kifinsa. A Tafkin Cadi kuwa, garin Baga a Jihar Borno ya yi shekaru da dama yana tara bandar da ake kai wa Maiduguri, daga can manyan motoci su wuce da ita Anacha, Inugu, Badun da Legas. Harin da aka kai wa Baga a Janairun 2015 ya durƙusar da wannan ciniki na tsawon shekaru.

Kafin kifi ya shiga tukunyarmu yakan bi hannaye biyar ko shida. Masunci ya kama, mai banda ya gasa, dillali ya haɗa ciniki ya karɓi la'adarsa, falke ya yi lodi, ɗan sari ya saya kwali kwali, sa'an nan mai kasawa ta kasa mana. Kowane ɗayansu yana duba girman kifin da kyansa, kuma duk aibin da ya gani sai ya rage shi daga kuɗin da zai biya na bayansa. Da haka ragin yake komawa baya har ya faɗa kan masunci, wanda shi ne ya kwana cikin ruwa.

Girman kifi

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne, nauyin kifi yana ƙaruwa da sauri fiye da tsawonsa. Waɗanda suka yi lissafin girman akwati a aji za su tuna: in aka ninka tsawo da faɗi da tsayi sau biyu biyu, cikin akwatin ya ninku sau takwas. Haka yake ga kifi. Karfasa mai tsawon santimita 15 nauyinta bai kai giram 100 ba, amma mai santimita 30 takan kai wajen rabin kilo. Watau masuncin da ya kama ta tana santimita 15 ya sami kashi ɗaya ne kawai cikin takwas na abin da za ta zama.

Abu na biyu shi ne nama. Mai saye nama yake nema, amma yana biyan kuɗin kai da ƙaya da kayan ciki duka. Babban kifi yana da tsoka mai kauri wadda za a yanka gunduwa gunduwa, a cire ƙashin tsakiya cikin sauƙi. Ƙaramin kifi kuwa ƙayarsa siriri ce, tana cakuɗe da naman, uwa tana tsoron ba yaro. Bayan haka, wanke kifi goma da feɗe su ya fi na guda ɗaya cin lokaci. Saboda haka kilo ɗaya na manya yakan fi kilo ɗaya na ƙanana tsada, ko da iri ɗaya ne.

Abu na uku shi ne wanda zai saya. Manyan kifaye masu otal ne suke neman su, da masu farfesu, da masu biki, watau masu kuɗi a hannu, kuma manyan ba su da yawa a ruwa. Ƙanana kuwa suna zuwa kasuwa jingim a lokaci ɗaya, musamman sa'ad da ruwa yake janyewa daga fadama bayan damina, sai farashinsu ya faɗi.

Masu kiwon tarwaɗa a tafkunan gida sun san wannan sosai. Ran da za a kwashe kifi, 'yan sari sukan zo da sikeli su ware shi kashi kashi. Wanda ya kai kilo ɗaya ko fiye kuɗin kilonsa dabam, matsakaici dabam, ƙanana kuma masu banda ne suke kwashe su da araha. Mai kiwon da bai riƙa ware kifinsa tun suna ƙanana ba, manyan za su danne abinci, har su cinye 'yan'uwansu, a ƙarshe ya tashi da manya kaɗan da tsumburarru da yawa. Ko kifin ƙanƙara da ake shigowa da shi daga ƙasashen waje, kamar titus da shawa, bisa ga girma ake zuba shi a kwali, kowane girma da kuɗinsa.

Irin kifi ma yana da nasa tasiri. Giwan ruwa da yauni suna da farin nama mai kauri da ƙarancin ƙaya, don haka suna gaba a daraja. Giwan ruwa takan wuce kilo 100. Ita ce ake fafutukar kamawa a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma a 1934, inda wanda ya fito da kifi mafi nauyi yake cin kyauta. A bikin 2020 kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne.

Amma kada mu ɗauka kullum babba ne yake cin kasuwa. Kifin da ya yi girma ƙwarai sai an yanyanka shi kafin a sami masu saye, kuma a ƙauyen da babu ƙanƙara masunci yakan sayar da shi da gaggawa a kan abin da aka taya. Uwar gida mai kuɗin cefane kaɗan matsakaicin kifi take so. Akwai kuma kifayen da halittarsu ce ƙanana, kamar warangi na Tafkin Kainji, wanda bai fi yatsa ba ko ya tsufa. Ana shanya shi a ci duka da ƙashinsa, yana gina jiki, kama shi kuma ba laifi. Abin damuwa shi ne kama 'ya'yan manyan kifaye tun ba su girma ba. Za mu dawo kan wannan.

Kyan ɗanyen kifi

Kifi yana soma lalacewa tun daga lokacin da ya mutu. Akwai ƙwayoyin cuta a fatarsa da hanjinsa, waɗanda ido ba ya gani, da zarar ya mutu sai su shiga naman. Zafi yana ƙara masu sauri. A irin zafin ƙasarmu ɗanyen kifi yakan lalace kafin kwana ɗaya ya cika, amma in aka binne shi cikin ƙanƙara tun daga bakin ruwa yakan yi mako biyu ko fiye.

Yadda aka kama shi ma yana da muhimmanci. Kifin da aka kama da birgi ko gura yana fitowa da rai. Wanda ya maƙale a kalli tun farkon dare kuwa, ya mutu, ya kwana cikin ruwa mai ɗumi, kafin a ɗaga ragar da safe ya riga ya soma laushi. In kuma aka zube shi a ƙasan kwalekwale cikin rana, ana taka shi, kafin a kai gaɓa darajarsa ta ragu.

'Yan kasuwa ba sa bukatar na'ura kafin su gane wannan, mu ma za mu iya koya. Sabon kifi idonsa garau yake, ya ɗan fito waje. In aka ɗaga murfin kumatunsa, abin numfashinsa ja ne wur. In aka danna naman da yatsa sai ya dawo, ɓawonsa yana manne, ba shi da wari sai ƙarnin ruwa. Wanda ya kwana kuwa idonsa ya faɗa ciki ya yi hazo, abin numfashin ya koma ruwan ƙasa yana yauƙi, shaidar yatsa ta zauna a jikinsa, cikinsa ya kumbura. Ko a Argungu girma kaɗai bai isa ba: a 2008 an ƙwace kyautar wanda ya zo na ɗaya bayan da aka gano kifin nasa mushe ne da aka shigo da shi ruwan.

Wannan ne ya sa tarwaɗa take da wata dama da sauran kifaye ba su da ita. Tana iya shaƙar iska, don haka takan daɗe da rai cikin ɗan ruwa kaɗan a baho. Mai tarwaɗa mai rai ba ya cikin gaggawa. In ba a taya da kyau yau ba, zai iya jira gobe. Amma da zarar ta mutu kuɗinta ya faɗi. Mai karfasa kuwa rana tana yi ciniki yana kuɓuce masa, masu saye kuma sun san haka, shi ya sa wasu suke jira sai yamma.

Kyan banda

Da yake yawancin wuraren su suna nesa da birni, kuma ƙanƙara tana da wuyar samu, mafi yawan kifin Cadi da Kainji banda ake yi da shi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na nauyin ɗanyen kifi ruwa ne. In aka busar da shi sosai, wajen kilo uku na ɗanye ne suke ba da kilo ɗaya na busasshe. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana dalilin tsadar banda, ban da kuɗin itace da wahalar hayaƙi.

Banda ba takan gyara kifin da ya riga ya lalace ba. In aka ɗora ruɓaɓɓen kifi a wuta, zai fito da ɗaci, namansa yana marmashewa. Mai kyau ita ce wadda aka yi da sabon kifi, aka wanke, aka cire kayan ciki, aka gasa a hankali. Launinta ja ne mai duhu yana ƙyalli, tana da ƙamshi, in aka ƙwanƙwasa ta sai a ji ta bushe har ciki.

Aibobin da suke karya farashinta sanannu ne. In wuta ta yi yawa, bayan ya ƙone ya yi baƙi alhali cikin da sauran ruwa. Irin wannan bayan 'yan kwanaki a kwali sai fumfuna ta kama ta. Wasu da gangan suke sauke kifi bai gama bushewa ba domin ya yi nauyi, amma falken da ya taɓa yin asara ba ya komawa wurinsu. Sauri ya haifi nawa ke nan. In kuma ta bushe fiye da kima, sai ta farfashe a mota, gama tafiya daga Maiduguri zuwa Anacha ta wuce kilomita 1,000. Falke ya yi lodin kifi gunduwa gunduwa, ya sauke ɓarɓashi a gindin kwali, ɓarɓashi kuwa da mudu ake sayar da shi, wani ma sai abincin kaji.

Sai kuma ƙwari. Ƙudaje suna yin ƙwai a jikin kifin da bai bushe ba, tsutsa ta fito. Bayan ya bushe kuma akwai wani baƙin ƙwaro wanda tsutsarsa take cinye naman daga ciki, ta bar fata da ƙashi. A ido kifin lafiya lau, in an ɗaga shi sai a ji ba nauyi, gari yana zuba.

Tsoron wannan asara ne yake sa wasu su yayyafa wa banda maganin ƙwari na gona. Wannan babban haɗari ne. Kifin zai yi kyau a ido, ƙuda ba ya sauka, amma guba ce ake kai wa tukunya. Gamalin, wanda aka daɗe ana amfani da shi ta wannan hanya, yana ɗauke da sinadarin lindan, wanda ƙasashen duniya suka sa cikin jerin abubuwan da za a daina amfani da su a 2009. Maganin ƙwari na gaskiya shi ne busarwa sosai, da tsabtar wurin ajiya, da sake ɗora bandar a wuta lokaci lokaci.

Gyara murhu yana taimakawa ƙwarai. A Gana, a 1969, masu binciken abinci tare da matan unguwar Chorkor ta birnin Ankara suka fito da wani murhun laka wanda ake jera tire masu ragar waya a kansa, ɗaya bisa ɗaya. Yana cin itace kaɗan, hayaƙi yana ratsa kifin daidai, kuma ba a yawan juya shi da hannu balle ya karye. Daga baya ya bazu a ƙasashen Afirka da yawa.

Darasi daga Tafkin Biktoriya

Giwan ruwan nan tamu ita ce babbar hajar Tafkin Biktoriya, wanda Yuganda, Kenya da Tanzaniya suka kewaye. A can masana'antu suna fere namanta su aika Turai cikin ƙanƙara. A 1999 Tarayyar Turai ta hana shigar da kifin tafkin, domin an sami labarin wasu suna kama kifi da guba. Masana'antu suka rage aiki, wasu suka rufe, farashi ya faɗi a bakin ruwa, har masuntan da ba su taɓa riƙe guba ba suka sha wahala. Sai a cikin shekarar 2000 aka ɗage hanin, bayan ƙasashen sun gyara hanyar binciken kifinsu. Laifin mutane kaɗan ya zubar da darajar kifin tafki guda.

A kan girma kuma, a farkon shekarun 2000 ƙasashen uku suka yarda kada a kama giwan ruwa da ba ta kai santimita 50 ba. Akwai kuma wata jakar iska a cikin kifin, wadda ake busarwa a sayar wa 'yan kasuwar Sin da tsada. Kuɗin kilonta yana hawa ne bisa ga girman jakar, babbar jaka kuwa sai babban kifi.

Asara biyu

Yanzu mu dawo kan 'ya'yan kifi. Masuncin da ya kama su ya yi asara sau biyu. Ta farko, ya sayar da araha abin da zai yi tsada bayan 'yan watanni. Ta biyu ta fi muni: kifin bai kai ga yin ƙwai ba, don haka baɗi kifi zai ragu. Manyan mata su ne suke zuba ƙwai masu yawa, in babu mai kai wa girma, ruwa zai talauce. In kifi ya ragu sai masunci ya sayi raga mai ido ƙanana domin ya cika kwando, kifin da ake kamawa ya ƙara ƙanƙancewa, kuɗi ya ƙara raguwa.

Domin hana haka ne Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa ta 1992 ta hana amfani da raga wadda idonta bai kai milimita 76 ba, watau inci uku, sai dai ragar kama irin su warangi. Ta kuma hana kama kifi da guba, da nakiya, da lantarki. A Tafkin Kainji, a ƙarshen shekarun 1990, jihohin Neja da Kebbi sun haramta dala, wata doguwar raga mai ido kamar gidan sauro da ake ja zuwa gaɓa. Warangi ake nema da ita, amma tana kwaso 'ya'yan manyan kifaye bila adadin.

Ba daidai ba ne mu ɗora wa masunta laifin duka. Da yawa da bashi suke sayen raga da kwalekwale, kuma wanda ya ba su bashin shi ne yake sayen kifin a farashin da ya ga dama. Mutumin da iyalinsa suke jiran abincin yau, da wuya ya mai da ƙaramin kifi ruwa. Wani lokaci kuma ruwan ne da kansa yake sākewa. Tafkin Cadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, amma farin shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawansa, ko da yake daga baya ruwa ya ɗan dawo. Da tafkin ya koma fadama, giwan ruwa ta yi ƙaranci, tarwaɗa da karfasa da bargi suka mamaye kasuwa.

Abin da ya rage gare mu

Mu masu saye muna da hannu a cikin wannan al'amari, gama abin da muke saye shi ake kamawa. In an aike mu kasuwa, mu ɗaga kumatun ɗanyen kifi mu duba. Mu ɗaga banda mu ji nauyinta, mu shinshina, in muka ji warin magani mu bar ta komai araharta. Araha ba ta ado. Mu koyi bambanta kifin da halittarsa ce ƙarami da jaririn karfasa ko na giwan ruwa, mu daina rububin na biyun.

Waɗanda za su je hutu a garuruwan bakin ruwa kuma, za su iya tattauna waɗannan abubuwa da iyaye cikin ladabi: a ɗaga kalli da wuri, a rufe kifi daga rana, a cire kayan ciki kafin a gasa, a bar banda ta bushe, a ware manya da ƙanana kafin dillali ya zo. Babu ɗaya a cikinsu da yake bukatar jari mai yawa, amma kowanne yana ƙara abin da masunci zai koma gida da shi.

Ga masu sha'awar wannan fanni, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Busa, kusa da madatsar Kainji, jami'o'i da yawa kuma suna koyar da ilimin kifi. Ƙasarmu tana sayen kifi mai yawa daga waje kowace shekara, alhali wani ɓangare na wanda muke kamawa yana lalacewa tsakanin bakin ruwa da kasuwa. Lalle akwai aiki a nan da yake jiran waɗanda suke zaune a azuzuwanmu yau.